Mutum Nawa Ne Za Su Tsira Ranar Shari'a? Yadda Ake Jagorancin Nazarin Wannan Tambaya a Ikkilisiya

Tambayar nan ba ta cika tasowa daga kan bagade ba. Takan taso ne bayan an dawo daga jana'iza, ko a zaman zumuntar mata ranar da aka karanta Matiyu sura 7, ko a bakin saurayin da ke shirin baftisma: "Malam, wai gaskiya ne kaɗan ne za su sami ceto?" A ƙasar da kusan kowa ke zuwa majami'a ana iya ɗaukarta tambayar ilimi kawai. A Maraɗi ba haka take ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar, don haka mai tambayar yawanci akwai wanda yake gani a ransa: mahaifinsa, ko ƙanwarsa da ke aure a Tsibiri, ko maƙwabcin da ya ɗauki matarsa zuwa asibiti da tsakar dare bai karɓi ko dala ba. Duk wanda zai jagoranci nazarin, fasto ne, dattijo ne, mai bishara ne ko uwar zumunta, ya shiga da sanin haka.

Shawararmu ita ce a raba aikin zama biyu, kowanne awa ɗaya da rabi, mako ɗaya a tsakani. Zaman farko na nassi ne zalla. Na biyu shi ne na ra'ayoyin da malaman Kirista suka riƙe tun ƙarnukan farko. In aka cusa su wuri guda, sunayen malamai sukan danne ayoyin, a tashi ana gardamar ɗariƙa alhali ba a karanta Luka 13 ba.

Abin da za ka tanada

Mutum takwas zuwa goma sha biyar sun isa. In suka haura ashirin, masu baki uku ne za su kwashe lokacin, mai ciwon abin kuma ta yi shiru har a tashi. Kada ka sa zaman nan da nan bayan sujadar Lahadi, mutane na jin yunwa, yara na kuka. Da marece ya fi, musamman a bazara.

Ka duba irin Littattafai Masu Tsarki da ke hannun jama'arka tun kafin ranar. A ɗaki guda za ka iya samun iri uku: tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 wadda ke cewa Matta, Yohanna da Ru'ya ta Yohanna; fassarar da ta biyo baya mai cewa Matiyu, Yahaya da Wahayin Yahaya; sai na Faransanci, yawanci Louis Segond, a hannun ɗalibai da ma'aikata. In ka ce a buɗe Wahayin Yahaya ba ka faɗi ɗayan sunan ba, wata tsohuwa za ta ƙare zaman tana lalube. Ka rubuta sunayen biyu a allo. Bayan allo da alli, ka zo da ƙananan takardu don masu son tambaya a asirce, da tiya ɗaya cike da gero. Za ka ga amfaninta nan gaba. Waɗanda ba su iya karatu ba, kada a bar su a baya: kowace aya a karanta ta da ƙarfi sau biyu, sa'an nan a nemi ɗayansu ya maimaita ta da bakinsa.

Abu biyu kuma kafin a fara. Ka sake karanta bayanin bangaskiya na ikkilisiyarka, ka kuma sanar da fasto abin da za ka koyar, domin a zama na biyu za ka ambaci ra'ayoyin da ikkilisiyarka ba ta yarda da su ba. Na biyu, ka roƙi kowa ya ajiye waya, kada a ɗauki murya. Jimla ɗaya da aka yanke daga tsakiyar bayani, aka watsa ta a WhatsApp, tana iya ɓata zaman lafiyar shekaru tsakanin majami'a da unguwa.

Zaman farko: a fara daga inda aka yi wa Yesu tambayar

Ba ku ne farkon masu wannan tambaya ba, kuma sanin hakan yana kwantar da hankalin mutane. A Luka 13:22-30 Yesu na kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, wani ya tambaye shi ko kaɗan ne za su sami ceto. Ka ba wannan nassi minti ashirin da biyar cur. A karanta, sa'an nan ka tambayi jama'a abu ɗaya: wane adadi Yesu ya faɗa? Ka bar su su nema. Za su gano da kansu cewa bai faɗi ko ɗaya ba.

Daga nan ka nuna musu yadda ya juya maganar. Mai tambaya ya yi zancen "su", Yesu ya amsa da "ku": ku yi fama ku shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. Kalmar Helenanci da ke wurin, agonizesthe, kalmar ƴan wasan motsa jiki ce, irin faman ɗan kokawa da ya shiga fili neman takobi. Amma a nan ne kuskure na farko yake shigowa. Wani zai ce, ashe da aikin kirki ake sayen ceto ke nan. Ka maida shi ayoyi 25 zuwa 27: waɗanda aka rufe wa ƙofa ba ragwaye aka kira su ba, mutane ne da suka dogara ga kusanci. Hujjarsu ita ce mun ci mun sha tare da kai, ka kuma yi koyarwa a titunanmu. Wannan magana ta fi shafar ɗan gidan Kirista. Aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ya fara a Damagaram a 1924, ya iso Tsibiri ƴan shekaru bayan nan, don haka yau akwai jikoki da tattaɓa-kunnen masu bi na farko a cikin majami'unmu, kuma "kakana ne ya gina wannan majami'a" ba ta da bambanci da "ka yi koyarwa a titunanmu". Ka haɗa da Afisawa 2:8-9 don kowa ya ji cewa ceto kyauta ce ta alheri. Kada ka tsaya a aya 28. Aya 29 ta ce za a zo daga gabas da yamma, kudu da arewa, a zauna cin abinci a Mulkin Allah. Nassi guda ne ya ɗauki ƙunƙuntar ƙofa da babban taron biki.

Yanzu ka ja layi a tsakiyar allo. A gefe ɗaya ka rubuta "kaɗan", a ɗayan "da yawa". Ka raba ayoyin ga masu karatu, jama'a su faɗi gefen da kowace za ta shiga. A gefen "kaɗan" za a sami Matiyu 7:13-14, hanya mai faɗi da masu binta da yawa, matsattsiya kuma masu samunta kaɗan. Matiyu 22:14, kirayayyu da yawa, zaɓaɓɓu kaɗan. Luka 12:32, ƙaramin garke. 1 Bitrus 3:20, mutum takwas a jirgin Nuhu. Romawa 9:27, ringin Isra'ila. A ɗaya gefen akwai Farawa 15:5 da 22:17, zuriya kamar taurari da yashin bakin teku, Matiyu 8:11, Markus 10:45, fansar mutane da yawa, Romawa 5:15-21, inda zunubi ya yawaita alheri ya fi shi yawaita, sai Wahayin Yahaya 7:9, taron da ba mai iya ƙidayawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe. Ka bar wuri a ƙasan allon don ayoyin da ke cewa "duka" ko "kowa": 1 Timoti 2:4, 2 Bitrus 3:9, Yahaya 12:32, Romawa 11:32, 1 Korantiyawa 15:22, Kolosiyawa 1:20. Kada ka ɓoye su don tsoron gardama. Wanda ya ci karo da su daga baya shi kaɗai zai ce malaminsa ya rufe shi.

Allo na cika, wani zai ce ai Littafin yana saɓa wa kansa. Nan ne tiyar gero za ta yi aiki. Ka miƙa ta ga wani matashi ka ce ya ƙirga ƙwayoyin. Za a yi dariya, domin ba ya iyawa. Sai ka tambaya: in aka ajiye tiyar nan kusa da rumbu cike, da yawa ce ko kaɗan? Abu ɗaya yana iya gagarar ƙidaya, ya kuma zama kaɗan idan aka gwada shi da wani. Saboda haka taron da ba ya ƙirguwa bai tabbatar da cewa cetattu ne mafi rinjaye ba. Haka kuma "kaɗan" na Matiyu 7 bai ba ka lissafin ƙarshe ba, domin maganar tana kan masu samun hanyar a lokacin da ake faɗarta, kuma mai faɗarta shi ne ya ba da misalin ƙwayar mastad da ta zama itace, da yisti da ya game mudu uku na gari, a Matiyu 13:31-33.

In lokaci ya bari, ka yi wannan ɗan gwaji, yana maganin masu son lissafi. Ka ce a fitar da kaso daga misalan Yesu. Budurwai goma: biyar sun shiga, biyar sun tsaya waje, rabi ke nan. Mai shuka: ƙasa huɗu, ɗaya ta ba da amfani. Bayi uku da aka ba talanti: biyu sun sami yabo. Bikin ɗan sarki a Matiyu 22: zauren ya cika, mutum ɗaya aka fitar don ba shi da rigar biki. Rabi, rubu'i, biyu cikin uku, kusan duka. Misali yana koyar da abu ɗaya da aka nufa, ba takardar ƙidaya ba ne.

Batun 144,000

Ka ware minti goma sha biyar don wannan, domin ko ba ka ɗauko shi ba za a ɗauko. Adadin yana Wahayin Yahaya 7:4-8 da 14:1-5: kabilu 12, kowace 12,000. Ka sa a karanta jerin a hankali. Yahuza ne a gaba, ba Ra'ubainu ɗan fari ba. Babu Dan ko kaɗan. Akwai Manassa, akwai Yusufu, babu sunan Ifraimu. Wannan ba irin jerin ƙidayar kabilu da aka saba gani a Tsohon Alkawari ba ne. Sa'an nan ka nuna musu cewa a aya 4 Yahaya ya ji adadin ne, a aya 9 kuma ya duba ya ga taron da ba ya ƙidayuwa. Haka ya faru a sura 5: ya ji an ce Zaki na kabilar Yahuza, da ya duba sai ya ga Ɗan Rago. Gani ya kori ji. Shi ya sa masu fassara da yawa ke ɗaukar 144,000, wato 12 sau 12 sau 1,000, a matsayin hoton cikar jama'ar Allah, taron aya 9 kuma su ne dai aka gani daga wata fuska.

Wasu malaman bishara suna ɗaukar adadin a zahiri, Yahudawa ne da za a hatimce a kwanakin tsanani na ƙarshe, amma su ma ba su ce iyakar cetattu ke nan ba. Shaidun Jehobah kuwa suna koyar da cewa mutum 144,000 daidai ne za su yi mulki a sama, babban taron kuma zai zauna a duniyar da aka maida aljanna. Ka faɗi matsayinsu daidai yadda yake, ba ƙari, sa'an nan ka nuna wa jama'a cewa 7:9 da 7:15 sun tsai da babban taron a gaban kursiyin ne, cikin Haikalin Allah. Mai ɗaukar lambar a zahiri kuma sai ya bayyana dalilin da bai ɗauki kabilun da 14:4, inda aka ce ba su ƙazantar da kansu da mata ba, a zahiri ba.

Ka rufe zaman da addu'a, ka karɓi takardun tambaya, ka karanta su a gida.

Zama na biyu: abin da malamai suka riƙe

Kafin ka ambaci suna ko ɗaya, ka raba tambayoyi huɗu da mutane ke cakuɗawa. Mutum nawa ne za su tsira, tambaya ɗaya ce. Wa ke yanke wanda zai tsira, zaɓen Allah ne ko amsawar mutum, wata ce daban. Ita ce ta raba mabiya malaman Furotesta biyu, Kalbin mai ƙarfafa zaɓen Allah da Arminiyus mai ƙarfafa amsawar mutum, har aka yi taron ikkilisiyoyi a garin Dort a 1618 zuwa 1619. Mene ne makomar wanda bai taɓa jin bishara ba, ta uku. Yaya hukuncin yake, azaba ce madawwamiya ko hallaka ce da ke shafe mutum, kamar yadda ƴan Adbentis ke koyarwa, ta huɗu. Ka rubuta su a allo da lamba. Duk wanda ya zame daga ta farko zuwa wata, ka nuna masa lambar da yatsa. Wannan dabara kaɗai tana ceton rabin lokacinka.

Ra'ayin da ya fi daɗewa da rinjaye a ikkilisiyar Yamma shi ne cetattu su ne kaɗan. Babban mai riƙe da shi ɗan Afirka ne, Agustin, wanda aka haifa a 354, ya yi bishof a Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya rasu a 430. A ganinsa dukan zuriyar Adamu dunƙule ɗaya ce da ta cancanci hukunci, Allah cikin jinƙai ya ciro wasu, waɗanda aka bari kuma sun fi waɗanda aka ciro yawa. Toma Akwinas, babban malamin tauhidi na Katolika wanda ya rasu a 1274, ya bi shi a kan cewa cetattu ne marasa rinjaye. Amma ka gaya wa jama'a abin da shi Toman ya yi da masu lissafi. A zamaninsa wasu na cewa yawan cetattu zai yi daidai da yawan mala'ikun da suka faɗi, wasu na cewa daidai da waɗanda suka tsaya. Ya jera maganganun, ya ce abin da ya fi shi ne a ce Allah kaɗai ya san adadin. Masu wa'azi sun daɗe suna girgiza zukata da wannan ra'ayi. Masiyon, shahararren mai wa'azin Faransa da ya rasu a 1742, an fi tuna shi da wa'azinsa kan ƙarancin zaɓaɓɓu. Ƙarfin ra'ayin shi ne ya ɗauki gargaɗin Yesu da nauyinsa. Rauninsa shi ne yakan sa a karanta Wahayin Yahaya 7:9 da gaggawa.

Na biyu ya ce cetattu ne za su fi yawa, kuma abin da zai ba jama'arka mamaki shi ne manyan masu faɗarsa mabiya Kalbin ne, masu tsananin riƙo da koyarwar zaɓe. Charles Spurgeon, mai wa'azin Baptis na Landan da ya rasu a 1892, ya kafa hujja da Kolosiyawa 1:18: in Almasihu ne zai zama kan gaba cikin kome, ta yaya rabon Shaiɗan zai fi nasa? Benjamin Warfield na makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka, wanda ya rasu a 1921, ya ce ayoyin "kaɗan" suna bayyana farkon aikin ne, ba ƙarshensa ba. Dukansu sun dogara da abu biyu: bishara za ta ci gaba da yaɗuwa kafin ƙarshe, kuma yaran da suka mutu suna ƙanana suna cikin cetattu. Wannan na biyun ba ƙaramin lissafi ba ne, domin a mafi yawan tarihin ɗan Adam kusan rabin yaran da ake haifa ba sa kai ga balaga.

Ka sassauta murya idan ka iso nan. Da wuya ka tara mata goma a yankinmu ba ka sami wadda ta binne ɗa ba. Nassosin da ake kawowa su ne 2 Sama'ila 12:23, inda Dawuda ya ce shi ne zai tafi wurin yaron, da Markus 10:14. Yawancin ikkilisiyoyin bishara suna koyar da cewa irin waɗannan yara suna hannun Almasihu. A wajen Katolika an daɗe ana zancen wani wuri da ake kira limbo ga jariran da ba a yi wa baftisma ba, amma bai taɓa zama tabbatacciyar aƙida ba, kuma a 2007 kwamitin malaman tauhidi na Batikan ya ce akwai ƙwararan dalilai na sa zuciya ga cetonsu.

Tambaya ta uku, ta waɗanda ba su ji ba ko ba su karɓa ba, ita ce ainihin abin da ke cin mutanenka, don haka ka faɗi matsayi biyun da gaskiya. Ikkilisiyoyin bishara, har da waɗanda suka fito daga aikin SIM, sun tsaya kan Yahaya 14:6, Ayyukan Manzanni 4:12 da Romawa 10:13-15. Alkawarin Lozan na 1974, sanarwar babban taron masu bishara na duniya, ya ce kowa na da wani sani game da Allah ta wurin halitta, amma wannan sanin ba ya ceto, ya kuma ƙi koyarwar cewa kowa zai tsira. Ikkilisiyar Katolika, wadda Maraɗi ta zama mazaunin bishof nata a 2001, tana bin Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishof-bishof nata na duniya. A 1964 majalisar ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuwa neman Allah da zuciya ɗaya, yana bin lamirinsa da taimakon alheri, zai iya samun ceto. Ta ambaci Musulmi da suna a cikin masu shaida Mahalicci. Abu biyu ake yawan mantawa a nan. Majalisar ba ta ce akwai wani mai ceto ban da Almasihu ba, ta ce aikinsa na iya kaiwa inda sunansa bai kai ba. Kuma a sakin layin nan dai ta yi gargaɗi cewa sau da yawa Mugun yakan ruɗi mutane, shi ya sa wa'azi ya zama dole. Wasu ƴan bishara ma suna kusa da wannan matsayi, suna kafa hujja da Romawa 2:14-16. Bayan ka faɗi duka, ka bayyana a fili wanne ne matsayin ikkilisiyarku, da dalilinsa.

Ra'ayin cewa a ƙarshe kowa zai tsira ba ya buƙatar dogon lokaci, amma kada ka tsallake shi. Orijin na Iskandariya a Masar, malamin ƙarni na uku, ya koyar da maido da dukan abubuwa, yana jingina da Ayyukan Manzanni 3:21 da 1 Korantiyawa 15:28. An la'anci koyarwar a Kustantiniya a 543 zamanin sarki Jastiniyan, majalisar 553 kuma ta sa sunan Orijin cikin waɗanda ta ƙi. Shaidar bangaskiya ta Lutaran ta 1530 ita ma ta ƙi ta. Babbar hujjar da ake kawowa don ƙin ta tun daga Agustin ita ce Matiyu 25:46, inda kalma guda ta siffanta rai da hukunci: in ɗaya madawwami ne, ɗayan ma haka. Akwai kuma wani matsayi da ake rikita shi da wannan, na Hans Urs von Balthasar, malamin Katolika ɗan Suwizalan da ya rasu a 1988. Bai ce kowa zai tsira ba, ya ce ya halatta a sa zuciya, a kuma yi addu'a saboda kowa. Masu sukarsa sun ce Matiyu 25 da Luka 13:24 ba zato suke faɗa ba, abin da zai faru ne. A ganinmu sukar tana da ƙarfi, amma addu'a saboda kowa umarni ne a 1 Timoti 2:1-4, ba sai an bi Balthasar ba.

Inda zaman yake lalacewa

Wuri na farko shi ne lambobi daga waje. Wani zai ce ya ji wata ta mutu ta dawo, ta ce cikin dubu mutum biyu ne suka shiga sama. Kada ka yi masa ba'a. Ka tambaye shi sura da aya, ka tuna masa cewa Bulus da aka ɗauke shi zuwa sama ta uku, a 2 Korantiyawa 12, bai dawo da lissafi ba. Waɗanda suka taso a gidajen Musulmi kuma sukan zo da abin da suka ji tun suna yara, kamar ruwayar cewa 999 cikin 1,000 ne rabon wuta, ko zancen mizani da siraɗi. Ka saurara da ladabi, ka ce wannan koyarwar Musulunci ce mai malamanta da bayaninta, a wannan zama kuwa abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa ake bi. Kada ka bari zaman ya koma sukar addinin maƙwabta.

Na biyu shi ne girman kai na ƙaramin garke. Jama'ar da ke tsiraru tana saurin jin "kaɗan" ta ce mu ke nan. Maganinsa Matiyu 7:21-23, inda waɗanda aka kora masu cewa Ubangiji, Ubangiji ne, har da masu annabci da sunansa. Ka ƙara da Iliya, wanda ya ce shi kaɗai ya rage, Allah ya ce masa akwai 7,000, a 1 Sarakuna 19:18. Annabi ma ya yi kuskuren ƙidaya. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Kishiyar wannan ita ce fid da zuciya, kuma ta fi wuyar ganewa domin mai ita ba ya magana. Ka lura da wanda ya sunkuyar da kai tun da aka karanta Matiyu 7. A ransa yana cewa, in kaɗan ne, ni ba na ciki. Shi ba lissafi yake bukata ba. Ka sa a karanta Yahaya 6:37, cewa wanda ya zo wurin Yesu ba zai kore shi ba ko kaɗan, da Ezekiyel 33:11. Ƙofar ƙunƙunta ce, amma ba a ce kujeru sun ƙare ba.

Mafi nauyi shi ne lokacin da aka ambaci mamaci da suna. Wata dattijuwa za ta ɗaga kai ta ce, "Malam, to Babana fa? Ya rasu bai karɓa ba." Ɗakin zai yi tsit, kowa na kallon bakinka. Kada ka ce yana wuta, kada kuma ka ce yana sama. Ba a ba ka ko ɗaya ba. Katolika da ke bayyana sunayen tsarkaka ma ba ta taɓa shelar cewa wane yana Jahannama ba. Amsar da muke ganin ta tsaya kan nassi tana da gaɓa uku, kuma a faɗe ta a hankali: "Inna, abin da aka ba mu mu sani shi ne ceto ta wurin Yesu yake, ba zan ɓoye miki wannan ba. Abin da ya gudana tsakanin Baba da Allah a sa'arsa ta ƙarshe, ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Ɓarawon nan a kan gicciye, da danginsa aka tambaya, da sun ce ya hallaka. Wanda zai yi masa shari'a kuwa shi ne mai shari'ar dukan duniya, Ibrahim ya ce ba zai yi abin da ba daidai ba." Nassosin su ne Luka 23:39-43, Farawa 18:25 da 2 Timoti 2:19. In wani mai zafin kai ya yunƙura zai ƙara bayani, ka dakatar da shi nan take, ko da dattijo ne. Ka ce za ku yi maganar bayan an tashi.

Kada a bar wannan uwa ta tafi gida da abin ita kaɗai. Cikin makon, mata biyu daga zumunta su je gaishe ta, su zauna, ba sai sun buɗe wani sabon nazari ba. In namiji ne ya yi tambayar, dattijo ɗaya ya je. Takardun tambaya da ba a kai ga amsawa ba, ka bi masu su ɗaya-ɗaya idan sun sa suna, ko ka amsa a taƙaice a zama na gaba ba tare da nuna mai ita ba. Duk takardar da ke ɗauke da sunan wani, rayayye ko mamaci, ka ƙone ta da ka gama da ita, kada ta kwana cikin Littafinka inda wani zai tsince ta.